Ɗigo ɗaya, ɗa ɗaya

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a taimaka a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma masu zuwa su rubuta "ki yi haƙuri" su wuce, na yafe muku wahalar, haƙuri ni da shi mun san juna.

Ni ma'aikaciya ce a wata hukumar gwamnatin tarayya a nan Abuja, muna zaune a Kubwa. Mijina na farko Allah ya yi masa rasuwa ya bar ni da 'ya mace, zan kira ta Ummi, yanzu tana firamare. Da na sake aure da ita na tare, Allah ya ba mu namiji, Sadik. Abban Sadik mutum ne da in kun gan shi a waje za ku ce na tsinci dami a kala, ci da sutura da makaranta bai taɓa bambanta yaran ba. Ummi kuwa Dadi take ce masa, in ta ji hon ɗin motarsa ita ke riga kowa zuwa get.

Da ofishinsu ya tura su kwas Dubai sai ya dawo da wata ƙatuwar kyamara mai dogon baki, tun daga nan muka shiga uku da hoto, Sallah hoto, suna hoto, ko sabon labule aka saka sai an tsaya. Abin da na lura shi ne in dai yaran biyu ne a hoto, Sadik zai fito ras har gashin idonsa kana gani, Ummi kuwa dishi-dishi kamar ta bayan gilashin banɗaki. Na yi magana, ya ce ai kyamarar ce ke zaɓar inda za ta yi fokas da kanta, ɗige-ɗige ne da yawa a cikinta, wanda suka kama shi suka kama, shi ba ruwansa. Ni da ban san kanta ba na yarda, har ina taya shi zagin masu ƙera ta.

Wata Asabar abokinsa Injiniya ya zo da sabuwar tasa kyamarar, yana ƙorafin hotunansa ba sa fita. Ina jera musu abinci a falo, Abban Sadik ya gyara zama, dama shi ba abin da yake so irin a ce ya koyar. Ya ce matsalar ita ce Injiniya ya bar ta a kan ɗige-ɗige masu yawa, kuma in ka bar ta haka yawanci abin da ya fi kusa da ita take cafkewa, ko hannun kujera ne, fuskar da kake so ta tafi a banza. "Oga, mayar da ita single point," in ji shi, "ɗigo ɗaya tak, kai za ka ɗora shi a idon wanda kake so. Ni tun ranar da na sayi tawa ban taɓa bari ta zaɓa mini ba." Ya ƙara da cewa in ka buɗe idon kyamarar sosai, duk wanda ya ɗan matsa gaba ko baya da wurin ɗigon narkewa yake yi.

Wallahi nan take na gano shi. Don kullum shi ke jera yaran, kuma kullum sai ya ce Ummi ta durƙusa a gaba tunda ta fi tsawo. Ita ce mafi kusa da kyamara. Da kyamarar ce ke zaɓa, ai ita za ta fara kamawa.

Da baƙo ya tafi na tare shi. Na zaci zai musa, bai ma wahalar da kansa ba, dariya ya yi. Ya ce ɗigo ɗaya yake aiki da shi, shi ma kuma ɗa ɗaya gare shi, a ina nake so ya ɗora? Ya ce agola ta samu ci ta samu makaranta, yanzu har da fokas ake nema mata? In ina son hotonta ras dangin ubanta su sayi kyamara. Ni ma ban raga masa ba, na ce ƙato da gemu ya rasa abokin yaƙi sai marainiya, shi ma ta ramin kyamara don ba shi da zuciyar yi a fili. Tun ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Na kira yayata, ta ce in rufa wa kaina asiri, mata na fama da duka ni ina kuka a kan hoto. Kakar Ummi ta wajen uba kuma ta daɗe tana roƙon in ba ta ita ta riƙe a can gida, ni ce nake ƙi, ina cewa ai ta samu uba a nan. Yanzu kunyar wannan maganar nake ji, kuma na tsani Abban Sadik, ba zan ɓoye muku ba.

Abin da ya sa na rubuto shi ne jiya da yamma na shiga ɗakin yara na tarar da Ummi a gaban madubi ta ƙame, hannaye a manne da jiki, idanu sun kawo ruwa. Ashe numfashi ta riƙe. Na girgiza ta na ce lafiya? Ta ce Dadi ne ya gaya mata ita ke yawan motsi shi ya sa ba ta fitowa, kuma ya ce ran Asabar zai kai mu Ushafa wurin masu tukwane a yi hotuna, shi ne take koyon tsayawa. Ta sake ƙamewa ta ce, "Momi kalle ni, ko numfashi ba na yi. Wannan karon zan fito ko?"

'Yan uwa, in gaya mata gaskiya in raba ta da mutumin da take kira Dadi? In kai ta wurin kakarta in zauna da ɗa ɗaya kamar yadda yake so? Ko in kwashe su biyun in bar masa gidan da kyamararsa? Jibi ce Asabar, kuma har yanzu ban ba ta amsa ba.