Casar Wake da Kududdufin Rami na Bakwai

Gaya, Jihar Kano
Lahadi, 14 ga Disamba

Zuwa ga ƙanena Sagiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Afra'u da yara, Ya kuma ƙara wa zamanku na Doha albarka. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Shafa'atu ta rabu da ciwon haƙorin da ya hana kowa sakat a gidan nan. Khaula ta dawo hutu daga jami'a da jaka cike da wanki da kai cike da hanyoyin gyara Najeriya. An yi girbi lafiya. Gonar Kademi ta ba da dawa fiye da bara, waken Gafasa kuwa ya yi kyau har Gwaggo Hure ta daina cewa ƙasar ta tsufa. Na san za ka ce me ya hana ni aiko saƙon murya kamar kowa. To, labarin da zan ba ka ba na so ka ji shi da muryata, don na san irin dariyarka.

Kayan da ka aiko sun iso tun watan Satumba, sandunan atisaye uku masu nauyi daban-daban da 'yar na'urar nan mai auna gudun sanda. Na gode, Allah Ya saka da alheri. Sai dai lokacin da na roƙe ka ban faɗa maka dukan dalili ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan duk Asabar ina kama hanyar Wudil bayan asuba in shiga birni buga golf, wasan nan na kora ƙaramar ƙwallo da sanda daga rami zuwa rami, kuma duk shekarun nan ni da Alhaji Dalhatu muke shiga gasar 'yan bibbiyu ta watan Janairu. A wannan gasa ƙwallo ɗaya ake bugawa karɓa-karɓa, kuma bugun farko a rami na bakwai nawa ne. A gabansa akwai kududdufi, sai ƙwallo ta yi yadi ɗari da casa'in a sama kafin ta tsallake shi. Da can ko kallonsa ba na yi. Amma tun da na haura hamsin, ni ne babban mai ciyar da kwaɗinsa, kuma a nan muka faɗi gasar da ta wuce. Bayan babbar sallah Dalhatu ya ja ni gefe, yana magana yana kallon takalmansa, ya ce ai ba abin kunya ba ne mutum ya koma bugawa daga tudun gaba inda dattawa ke tsayawa. Ya ce akwai wani matashin injiniya da ke neman abokin gasa, amma shi zai jira ni har ranar rufe rajista, ko Allah zai sa in tsallake. Ban ji haushinsa ba, gaskiya ya faɗa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ladabin da ya yi mini, irin wanda ake yi wa tsoho idan za a karɓe masa makullin mota.

Takardar da ta zo da sandunan ta ce sirrin abin shi ne sauri, ni kuwa na karɓi kalmar da hannu biyu. Sau uku a mako nake fita bayan gida da sassafe ina kaɗa sanda iya ƙarfina, har maƙwabcinmu ya leƙo ta katanga da fartanya yana tambaya ko macijin babba ne. Ana cikin haka Gwaggo ta zo ganin likitan ido ta kwana biyu a wurinmu. Ka san babbar sandar bugun nesa direba ake ce mata. Sai ta ji ina yi wa Shafa'atu ƙorafi cewa direbana ba ya gudu, da ƙyar yake kai tamanin. Ta ce ita ba ta san na ɗauki direba ba, amma in gode wa Allah in riƙe shi da kyau, don tamanin ɗin ma ta yi yawa a hanyar Wudil. Ban yi mata bayani ba, don ban ga ta inda zan fara ba. Bayan mako shida na duba lissafi. Na fara da mil tamanin da ɗaya a sa'a, na kammala da saba'in da tara, ga kafaɗar dama da ba ta ɗaguwa sosai ko a kabbarar sallah. Hausawa sun ce sauri kan haifi nawa, ni dai nawa ya haifi tagwaye.

Ƙarshen watan jiya na je Gafasa duba casar wake. Ranar atisaye ce, don haka na ɗauko sandata daga bayan mota na koma gefen masussuka ina ta fama. Gwaggo tana zaune a tabarma ƙarƙashin ɗorawa, sai ta aika aka kira ni. Ta ce idonta dai ya tafi amma kunnenta yana nan, kuma tun ɗazu take sauraron sandata. Ta ce ba ta san abin da nake duka ba, amma ko mene ne ba zai ji zafi ba, domin sandar tana yin kukanta a sama, daidai kunnena, inda babu komai, kafin ta iso ƙasa ta riga ta gaji. Na ce mata sauri nake koyo. Ta ce a'a, gaggawa nake yi. Gaggawa ta mutum ce, sauri kuwa na sanda ne, kuma mai gaggawa ba ya barin sanda ta yi nata aikin.

Sagiru, matar nan ta haura saba'in, amma ta miƙe ta karɓi sandar casa daga hannun Hanne matar Maikuɗi, ta tsaya gaban tarin wake. Ta ɗaga ta a hankali kamar ba ta so, ƙugunta ya fara juyawa, hannuwan suka biyo baya a makare, sai na ji fiu a can ƙasa, daidai kan waken, ɓawo ya tashi. Ta yi sau uku ta miƙo mini. Ta ce na damƙe sanda kamar na kama ɓarawon akuya, in sassauta. Ta ce macen da ke casa da kafaɗa ba ta kai hantsi, ƙarfin casa a ƙugu yake. Ina da littattafai uku na Turanci a kan wannan magana, ɗaya har da hoton ƙwarangwal yana riƙe da sanda, kuma duk abin da suka faɗa a shafi ɗari biyar ke nan. Ta sa ni cikin layin mata na yi ta casa har azahar. Hanne ta ce yau ga mai duba makarantu ya zo an duba shi, kuma ba ta ga alamar zai ci ba. Na sha dariya, na sha ƙaiƙayi, amma wajen ƙarshe na fara jin kukan sandata yana sauka.

Laraba biyu na sake komawa. Ina zargin Gwaggo ta samu ɗan ƙwadago ne kyauta, amma na'urarka ba ta san zumunci ba, kuma ta nuna tamanin da huɗu, sannan da shida, ranar Alhamis har tamanin da tara. Kafaɗar ma ta yi sauƙi.

Jiya Asabar ita ce ranar rufe rajista. Da muka iso rami na bakwai Dalhatu ya duƙufa cikin jakarsa yana neman abin da bai ɓata ba. Na dasa ƙwallo, na yi bismillah, na ɗaga sanda a hankali har na ji kamar ana kallona ana cewa wannan ya manta abin da ya zo yi. Kukan ya fito a ƙasa. Ƙwallon ta tashi, ta yi ta tafiya, ta sauka kamar taku biyar bayan gaɓar kududdufin. Dalhatu ya ɗago ya ce madalla, amma sau ɗaya sa'a ce. Babu kowa a bayanmu, don haka na dasa wasu biyu. Ɗaya ta tsallake, ɗaya ta daki gaɓa ta gangaro wurin tsofaffin abokaina kwaɗi. Biyu cikin uku ke nan, ba zan ƙara maka gishiri ba. Muka ci gaba da wasa har muka gama ramuka goma sha takwas. Da muka shiga ofis ya karɓi biro ya rubuta sunansa a takardar gasa, ya ɗan tsaya, sannan ya rubuta nawa a gefensa. A wajen mota ya rage murya ya ce shi ma fa bana bugunsa ya ragu da yadi goma sha biyar, ko akwai sauran wake a Gafasa. Na ce wake ya ƙare, amma Gwaggo ta ce maƙwabciyarta tana da shinkafa. Laraba mai zuwa mu biyu za mu je, in Allah Ya kai mu.

Ka gaishe da Afra'u, ka shafa mini kan Ashraf da Zuhra. Shafa'atu da Khaula suna gaishe ku, haka Maikuɗi da Hanne. Gwaggo ta ce a tambaye ka yaushe za ka kawo mata yaran ta taɓa fuskokinsu. Ka sa mu a addu'a ranar goma sha bakwai ga Janairu. Allah Ya tsare ku, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayanka,
Sharfaddeen