Sunan Baba Ba Na Talabijin Ba Ne

Ƙanena Japaljarri,

Yaya Mama da yara a garinmu Yuendumu? Lafiyata ƙalau a nan birnin Adelaide, in ban da wankin ƙoda da sanyi. Kada ku damu.

Jiya masu shirin tarihin zuriya na talabijin suka kira ni, wai ka nema mana shiga. Matar ta ambaci sunan Baba ƙiri-ƙiri a kunnena. Har hotonsa ka tura musu, ko shekara bai yi da rasuwa ba. Garinmu kaf ba mai kama sunan mamaci, har takwaransa ma sai ya haƙura da nasa sunan. Kai ka fi kowa baki?

Ka janye. Ka aiko mini bargona. Allah ya shirye ka.

Asalinmu bai ɓata ba balle baƙi su nemo mana. Je ka tambayi Mama, tun ana iya kiran sunanta.

Yayarka,
Napaljarri