An Raba Kwamfutata Gida Biyu

Lafia, Jihar Nasarawa.

Zuwa ga ƙanena Muktar,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ka gyara zama, domin ina ɗauke da sanarwa mai nauyi ga dangi na kusa da na nesa: an raba kwamfutata gida biyu, ina raye, ina kallo. Ko gonarmu ta Adogi ba a yi mata irin wannan rabo ba. Bayan wannan, ina fata kana lafiya, da Mardiya da yara, da fama da ruwan Fatakwal da ba ya gajiya. Allah Ya ƙara rufin asiri. Mu nan alhamdu lillahi. Inna tana nan da ƙarfinta, sai dai gwiwa, kuma har yanzu ta fi yarda da man zafi a kan likita.

Ka san tun da shanyewar ɓarin jiki ta kama ɗan'uwanmu Luqman, hannunsa na dama bai dawo ba. Abin da ba mu faɗa maka a waya ba shi ne ya daina magana. Yana iyawa, amma harshen ya yi nauyi, shi kuma ba ya son a ji shi haka. Ya ƙi zuwa motsa jiki a asibiti, ya juya wa bango fuska. Matarsa Rekiya ta yi lallashi har ta gaji. Ni kuwa, a matsayina na malamin adabi, na ɗauki nauyin karanta masa littattafai duk yamma. Sakamakon ya yi kyau ta fuska ɗaya: bai taɓa samun barci mai daɗi irin wannan ba.

Rannan Rekiya tana kwashe kaya ta ci karo da faifan wasan ƙwallon nan namu, ta ce da Luqman ya gan shi ya bi shi da ido har ta ajiye. Ka tuna shi ai. Lokacin da Baba ya saya mana tsohuwar kwamfuta don mu riƙa buga wa ɗalibai takardu a shagon bakin kasuwa, mu kuma muka mai da shagon filin wasa. Da rana ta take, kwastoma ya ɗauke, sai mu sauke labule. Mun canza sunayen ƙungiyoyi zuwa sunayen garuruwan Arikya da Kwandere, mun sa wa mai tsaron gida sunan Kawu Yero saboda ba abin da ke wuce shi. In NEPA ta ɗauke wuta ana tsakar wasa, wanda ake ci shi ke fara yi wa Allah godiya. Kai kuma aikinka leƙen hanya, ko Baba na tafe da kekensa.

Ƙanwarmu Ikilima, da yake ita ke koyar da kwamfuta, ta ce a tashi wasan a kan laftof ɗina a kai wa Luqman. Matsalar ita ce tuntuni ta sa mini manhajar Linux a madadin Windows, ta ce ya fi dacewa da mutumin da ke danna duk abin da ya gani, wasan kuwa Windows na zamanin da kaɗai ya sani. Na ce mata wannan aikin banza ne, har da mugunta a ciki. Mutumin da hannunsa ya mutu za a ajiye wa wasan yatsu a gaba, don a tuna masa abin da ya rasa? Ta ce Yaya, littattafanka sun yi nasu, a bar faifai ma ya gwada.

Ta aro na'urar karanta faifai, tunda kwamfutocin yanzu ba su da wannan aljihun. Faifan duk ya karce, ta goge shi da makilin kamar yadda muke yi a da. Da farko ta gwada wata manhaja da ke yaudarar wasa ya ɗauka a Windows yake. Wasan ya buɗe kam, amma 'yan wasan ba kawuna, filin baƙi ƙirin, kuma in ka danna sai ɗan wasa ya yi shawara da iyalinsa kafin ya buga. Na yi dariya har da hawaye, na ce ga shi nan, wasan ma ya san zamaninsa ya wuce. Sai ta ce saura hanya ɗaya, a yanki wani ɓangare na rumbun kwamfutar a zuba tsohon Windows, su zauna maƙwabta da Linux. Ta kwashe takarduna a filas, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, ta sa wuƙa. Yanzu duk sanda na kunna, sai wani baƙin allo ya tambaye ni gidan da zan shiga, kamar ni ne baƙo.

Ranar Asabar bayan la'asar muka kai wa Luqman, aka jingina shi da matashi, aka sa tebur. Da kiɗan buɗe wasan ya tashi, na ga Rekiya ta fita tsakar gida da sauri. Na ja kujera na zauna ta dama, wajen kibiyoyi, ban ko yi tunani ba. A nan ne abin da na manta ya dawo mini. Kibod ɗaya muke rabawa a shagon, kuma babba shi ke ɗaukar kibiyoyi, ƙarami ya matsu a hagu wajen haruffa. Ban taɓa sakar wa Luqman kibiyoyin nan ba ko sau ɗaya, ina ce masa girma ne. Ashe duk shekarun nan da hagu ya koyi wasan. Yatsun nan suka hau haruffansu ba tare da ya duba ba.

Ya ci ni, Muktar. Ina so in ce sassauta masa na yi, amma Ikilima tana wurin, kuma ka san bakinta. Da alƙali ya hura tashi, ya juyo ya dube ni, ya buɗe bakin nan mai nauyi a gaban kowa, ya ce wanda aka ci ya tashi, in ba Ikilima kujera. Kalmomin sun fito a karkace, amma ba wanda ya nemi a maimaita. Na tashi. Hannun dama yana nan yadda yake, kada in sa maka rai da yawa. Amma ya ce wa Rekiya ta kai shi asibiti ranar Litinin, wai yana so ya karɓe kibiyoyin daga hannuna. Ya kuma ce in gaya maka ka zo da Sallah, yanzu ba mai sa ka gadin hanya, za a ba ka kujera.

Inna tana gaishe ku, ta ce a shafa mata kan Ameer da Zuhra. Rekiya da Ikilima suna gaida Mardiya. Ka miƙa gaisuwata ga maƙwabcinka Malam Terhide. Ka ci gaba da sa Luqman a addu'a. Game da faifan kuwa, ni ne na yi kuskure, Ikilima ce da gaskiya. Na faɗa maka a rubuce ne don ban iya faɗa mata a baki ba tukuna.

Yayanka, wanda aka tayar daga kujera,
Ɗanmusa