Akwati Na Shida

Kurfi, 6 ga Maris, 1988

Jikana Manu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Inna, matar taka da ka bar mini ina ciyarwa, tana gaishe ka.

Sau uku na bi takardarka da karatuna na yaƙi da jahilci. Ka ce kwamfuta ɗaya gare ku a jami'a, ɗalibai arba'in, rabinsu sun faɗi bara don ba su ganin abin da kake koyarwa. In aka maimaita bana, ba za a tabbatar maka da aikin ba. Shi ya sa kake son akwatunan katako shida daga zane ɗaya, a rufe ruf: a jefa wake ta wannan kafa, a karɓa ta waccan, kowane ya riƙe nasa, kamar yadda ake gina aiki cikin injin.

Ga su nan. Sati uku suka ci mini. Amma na sa musu murfi. Shekara arba'in ina kafinta, ban taɓa fitar da akwatin da ba ya buɗuwa ba.

Kakanka,
Audi

Kurfi, 2 ga Afrilu

Manu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya gajiyar aiki?

Direban Dutsin-Ma ya sauke mini akwatunan da takardarka. Ashe ɗaliban buɗe murfin suka yi ta yi, suna kwashe waken wannan suna zubawa a wancan, darasi ya watse gaban shugaban sashenku. Kwana biyu ban ci abin kirki ba. Ni na ja maka.

Na buga wa biyar ƙusa. A na shida guduma ta suɓuce mini sau biyu, yatsuna sun ƙi riƙo. Inna ta ɗauke ta ta ɓoye. Ka nemi wani ya ƙarasa, ka yafe mini.

Audi

Kurfi, 20 ga Yuli

Malam Manu,

Bayan gaisuwa, yau da Malam ɗin na kira ka. Alhamdu lillahi! Da na karanta an tabbatar da kai, fita na yi a guje ba hula, har bakin kasuwa ina faɗa wa mutane. Yanzu gwiwoyi na biyan bashin gudun, a kwance nake rubutu.

Ka ce ba ka ƙarasa na shidan ba. Kana ajiye shi gefen biyar ɗin, ka bar yara su yi ta tura hannu, a ƙarshen darasi a ga wakensa ne kaɗai ya rikice. Daga nan suka gane amfanin rufewa. Har shugaban naku ya yaba dabarar kafinta.

Na rufe shago, Manu. Akwatunan nan su ne aikina na ƙarshe. In shugaban ya tambaya, ka bar shi a kan dabara ce. Kada ka faɗa masa gajiya ce.

Kakanka mai farin ciki,
Audi Kafinta