Haruffa Biyu Sun Raba Ɗana da Ƙasar Kakanninsa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Tantance Asalin 'Yan Jiha, Dutse.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ni mai kiwon shanu ne daga yankin Jahun. Ba ni da yawan magana, dole ce ta sa na rubuto maka ta wannan jarida.

Na ɗaya: tun da aka yanke Jigawa daga Kano, ma'aikatanku suke sa haruffa biyu a gaban sunan kowa, JG ko KN, gwargwadon inda aka haife shi. Babban ɗana ya sami gurbi a makarantar horon malamai, aka ce ya kawo takardar asali kafin a rufe ɗaukar ɗalibai. Suka sa masa KN, suka ce ya nemi jiharsa. Ya je Kano, can ma aka ce ba a san ubansa ba.

Na biyu: kai ma ka sani, haihuwar fari a gidan iyayen mace ake yin ta. Mahaifiyarsa ta je goyon ciki garinsu, wanda yanzu ya faɗa ɓangaren Kano, ta haife shi a can, ta yi arba'in, ta dawo. A lokacin duk ƙasar Kano ce. Ƙannensa da aka haifa a rugarmu JG aka sa musu, alhali uwa ɗaya uba ɗaya suke. Kabarin mahaifina da na kakana suna nan bayan rugar.

Na uku shi ne mai ciwon. Na raka shi ofishinku, akawu ya ce in dai ni ne ubansa, in faɗi sunansa. Mu Fulani ba ma kiran sunan ɗan fari, kunya ce da muka gada. Bakina ya yi nauyi, na sunkuyar da kai. Akawu ya ɗauka shakka nake yi, ya kira na bayanmu. Haka muka dawo gida babu takarda, ni kuwa har yau abin yana cin raina.

Ina roƙo a gyara masa haruffansa kafin gurbin ya wuce shi, a kuma riƙa tambayar garin uba, don 'ya'yan fari irinsa suna da yawa.

Tun da suna ake so, ga shi: Usmanu ne, ɗana ne na cikina. Tun ranar da liman ya raɗa masa shi ban taɓa ambatarsa ba sai yau, a gaban duk mai karanta jarida.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama lafiya.

Wassalam,
Buba Mai Shanu, daga yankin Jahun.