Shinge Ya Koma Bayan Baba

Zuwa ga ƙanwata Verlie, a Chicago.

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da 'ya'ya da jikoki. Yaya gwiwar nan taki? Kullum safiya ina sa ki a addu'a, Allah ya ba ki sauƙi, ya tsare ki da sanyin garin nan naku mai shiga ƙashi. Mu nan Panola lafiya lau. Corine matar ɗana ce ke rubutawa, ni ina faɗa, don kin san ni da alƙalami ba mu taɓa gaisawa ba. Na ce ta sa yadda na faɗa, kada ta gyara min baki. Tumatir ya yi kyau bana, sai dai shaho ya sa min 'yan tsaki a gaba.

To, gyara zama, maganar Baba ce. Kin tuna ranar da aka binne shi, ke kina budurwa, ni ina da goyon fari. Dattawan coci suka ce mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kaɗa blues, kiɗan 'yan duniya, a wurin shagalin suyar kifi na ranar Asabar ba zai kwanta a maƙabartar coci ba. Aka haƙa masa a bayan shinge, gindin tsohon itacen nan, ba waƙa ba komai. Mama ta ɗauko kofinsa na shan kofi za ta fasa ta ɗora masa a kan kabari yadda ake wa kowa, kika fizge daga hannunta. Kika ce ba za a fasa shi a jeji ba, kuma ƙafarki ba za ta sake taka garin nan ba sai ranar da Baba ya shiga cikin shinge. Ina tsaye kika faɗa. Kika tafi da kofin, ni na tashi da wuƙarsa ta aljihu, wadda yake gogawa a kan tsirkiyar jita har ta yi kuka kamar mutum.

Wuƙar nan yanzu tana hannun jikana Dewitt, ɗan 'yata marigayiya Lutie. Ba ki san shi da gemu ba. Kiɗan jita ne sana'arsa, irin ta katako wadda ba ta son wutar lantarki, kuma ba ya waƙa ko kaɗan, yatsu kawai. Ba shi da ubangida. Shi ke ɗaukar kiɗansa, shi ke sayar da faifansa daga bayan mota, yau yana Memphis gobe yana wani garin da ban iya faɗin sunansa ba. Na ce masa wane irin makaɗi ne wannan da bakinsa ke rufe kamar na mai bin gawa, ya ce ai Kaka kin cinye rabon maganar gidan nan, shi ya sa ya bar wa jita. Ja'iri. Amma duk sanda ya dawo sai ya zauna a baranda ya ce in yi masa gunjin kiɗan Baba da hanci, ni ina yi, shi yana bi, ina cewa ba haka ba, ja shi, kada ka yi sauri, alfadari ba ya gudu a gonar auduga. Har ya kama.

Watan jiya aka yi ranar sharar maƙabarta. Kin san yadda take, kowa da fartanyarsa da kwandon abincinsa. Bana kuma maza na sake shinge, don itatuwan sun ruɓe, an tuge su duka. Na ga in ban yi magana yau ba, sai wani shingen ya ruɓe, kuma ni ba zan gani ba. Na sami Dikon Hubbard, babban dattijon cocinmu, ɗan wanda ya ja layin shingen nan tun farko, na ce tunda ramuka za a haƙa, a haƙa su bayan Baba. Ya ce 'yar'uwa Idella, layin da magabata suka ja ba shi ne zai goge ba. Ya hango Dewitt da jita a kafaɗa, ya ƙara da cewa abin nan ma ya tsaya a waje. Na ce to, ai yana da kaka a wajen, ba zai rasa abokin hira ba. Dewitt ya kifa bokiti kusa da kabarin Baba ya zauna.

Rana ta take tsakiya, aka jera abinci a kan katakai, soyayyen tarwaɗa, burodin masara, ganye, gasasshen akuya, amma an rufe, don ba a buɗewa sai an ta da tsohuwar waƙar nan da mutum ɗaya ke jan layi jama'a su bi a hankali. Mama Essie ce ke ja mana tun kina nan, ita kuwa Ubangiji ya kira ta da sanyin bara. Dikon ya gyara murya ya ɗauko ta can sama, muka bi shi, ba mu kai rabi ba muka zube. Ya sake, wannan karon can ƙasa kamar saniya a rijiya. Wata ta ce a bayana in haka za a yi, kifin nan sai ya koma kogi. Mutane na ta kallon takalmansu.

Sai muka ji waƙar daga bayan layin shinge. Dewitt ya ɗora wuƙa a kan tsirkiya ya ja layin farko, a hankali, daidai inda muryar tsohuwa ke iya kaiwa. Verlie, kiɗan da Baba ke yi ne a baranda ranar Lahadi da safe, mu muna tafiya coci shi yana zaune, yana raka mu da shi har kwanar hanya. Ni na fara amsawa. Sai tsofaffin mata suka kama, sai maza. Jita ba ta da ƙarfin murya, dole ka matsa in kana son jin layi na gaba, kuma ba shingen da zai tare kowa. Kafin a kai ƙarshe, duk cocin na tsaye kewaye da Baba, huluna a hannu. Waƙar da aka hana shi ranar binnewa, ya same ta cikakkiya.

Da aka ce amin, Dikon ya daɗe yana share gilashinsa. Ni ban roƙe shi ba, na riga na faɗi tawa. Can ya ce ba za a ce a zamaninsa ne aka ta da waƙar coci a wajen filin coci ba. Ya ɗauki abin haƙa ya wuce bayan itacen ya soka a ƙasa, yana gunaguni wai dama ƙasar nan ta fi laushi. Na ce ƙwarai kuwa Dikon, ta daɗe da laushi, mu ne muka jiƙa ta. Kafin a ci kek ɗin dankali an kafa itatuwa, an ja waya. Na taɓa ta da hannuna.

Ki gaida min Roscoe da matarsa, da Nettie da yaranta, da ƙaramar nan mai sunana. Corine da mijinta na gaishe ki, Dewitt ma. Ya ce duk ranar da kika sa, zai zo har ƙofarki da mota, ki zauna a gaba, jita a baya. Kada ki kawo min maganar gwiwa, tawa ma ba sabuwa ba ce. Na share kabarin tas, ban ɗora masa komai ba. Ki naɗe kofin nan da kyau cikin tawul, kada ya fashe a hanya. A nan za mu fasa shi.

Ni ce yayarki,
Idella