Muryata a Filin Ƙwallo

Juma'a, daga masauki

Zuwa ga mijina Thaddeus,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya aiki a tsakiyar teku, ya kuma gwiwar nan taka? Allah ya sa kana shafa maganin.

Abin da muka yi ta gudu ya faru. A gasar besbol, ƙwallon sandar nan, ta jami'o'in yankinmu an ci makarantar ɗanmu Emmett sau ɗaya, an ci ta ƙaninsa Royce sau ɗaya, gobe kuma su za su haɗu. Wanda aka ci ya tattara kayansa. Ka san wannan ce shekarar Emmett ta ƙarshe, kuma babu ƙungiyar da ta neme shi. In suka fita, shi da ƙwallo sai kallo.

Ɗazu na kai su cin shinkafa da jan wake. Royce ya ce, "Yaya, gobe ka jefo a hankali, ka san ka tsufa." Emmett ya ce, "Kai da na koya wa riƙe sanda? Ci abincinka, yaro." Suna ta dariya, ni kuwa ina ta juya cokali a kwano. Farar riga zan sa, in zauna a tsakiya, kada wani ya ce na ɗauki ɓangare.

Ka sa su a addu'a.

Matarka,
Lorene

Litinin, daga gida

Mijina Thaddeus,

Ina gaishe ka, ina fatan iskar da aka ce za a yi ba ta taɓa ku ba. Mu dai lafiya, sai zuciya.

Na san ka ji sakamako, amma ba ka ji sauran ba. A zagayen ƙarshe su Emmett na gaba da ci ɗaya, kocinsu ya sako shi jifa ya rufe wasan. Ya fitar da mutum biyu, saura ɗaya a tashi, na uku ya kuɓuce masa ya tsaya a zangon farko. Sai ga Royce ya taso da sandarsa. Sau biyu yana kai duka yana dukan iska. A jifa na uku na ji ƙarar sandar nan da ka sani, ƙwallo ta haye katanga. Ci biyu ke nan a take, su Royce sun cinye wasan.

Thaddeus, ban san lokacin da na miƙe ba. Sai jin kaina na yi ina ihu ina kiran sunan Royce, hannuwana a sama. Da na sauke ido, Emmett na tsaye a tudun jifa, ba ƙwallon yake kallo ba, ni yake kallo.

Royce ya zagaye fili kansa a ƙasa kamar wanda ya yi ɓarna. Da aka tashi yana kuka ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri." Emmett ya ƙwanƙwashi hularsa ya ce, "Da ka raga min, da na fasa maka hanci. Je ka, abokanka na jira."

Ni kuwa na tsaya a bakin motar su Emmett ina jiransa. Ya rungume ni yana murmushi, ya ce, "Mama, duk filin nan muryarki na fara ji. Tun ina ƙarami nake jin ta, ban dai taɓa jin ta daga wancan ɓangaren ba." Bai faɗa da fushi ba. Da ma da fushin ya faɗa.

Jiya aka ci su Royce a wasan ƙarshe, kofin ma bai zo gidanmu ba.

Yau da safe Emmett ya wuce garin Shreveport fara aikin da ya samu. Bayan tafiyarsa na tarar da safar hannunsa ta ƙwallo a kujerar bayan motata. Ko mantawa ya yi ko bari ya yi, ban sani ba, kuma na kasa tambayarsa. Don Allah in ka samu layi ka kira shi. Kada ka yi masa zancen wasa, ka tambaye shi ɗakin da ya kama ko yana da iska.

Ka dawo mana lafiya.

Taka har kullum,
Lorene